Ƙafa ta lanƙwashe, yaro ba ya tsawo, gwaji kuma ya ce ƙoda lafiya: ina matsalar take?

Me ya sa yaro zai sha bitamin D wata da watanni, ya ci abincin tamowa har a sallame shi, amma ƙafafunsa su ci gaba da lanƙwashewa, tsawonsa kuma ya tsaya cik? A gidajen Damagaram amsoshin sanannu ne: an tsayar da shi da wuri, goyo ya yi yawa, uwar ta yi kwanika ya sha nonon ciki, ko kuma kaka ta ce a ƙyale shi, zai miƙe idan ya girma. A asibiti kuma amsar farko ita ce ƙarancin kalsiyom da bitamin D, kuma a mafi yawan yara wannan amsar daidai ce.

Sai dai akwai wasu yara, ba su da yawa, waɗanda ciwonsu ba daga tukunya yake ba. Abin da suka ci yana shiga jini yadda ya kamata, amma ƙoda tana zubar da shi cikin fitsari. Irin waɗannan yara sukan shekara biyu ko uku ana yawo da su tsakanin likita da mai ɗori, saboda sau ɗaya an taɓa yi musu gwajin ƙoda an ce ba komai. Wannan gwajin ne ya kamata a fara fahimta.

## Ƙoda aiki biyu take yi, gwajin da aka saba yi ɗaya yake gani

A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan ma'aikata kimanin miliyan ɗaya, kowannensu kashi biyu ne: matata, da wani siririn bututu da ke biye da ita. Matata ba ta zaɓe. Ruwa, gishiri, sukari, fosfat (sinadarin gina ƙashi), bikarbonat (mai kashe tsamin jini) da dattin jiki duk tare take fitar da su daga jini. A jikin babban mutum abin da take tacewa a yini ya kai lita 180, alhali fitsarin da yake yi bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Sauran duka bututu ne ke tsotsewa ya mayar cikin jini.

Bututun kansa gaɓa-gaɓa ne. Gaɓar farko ita ce mai ɗaukar kaya mafi nauyi: tana mayar da kusan kashi 65 cikin ɗari na ruwa da sodiyom, fiye da kashi 80 na bikarbonat da fosfat, da kusan dukkan sukari da sinadaran gina jiki. A nan ne kuma ake ƙarasa sarrafa bitamin D ya zama mai aiki. Gaɓa ta biyu, mai lanƙwasa, tana mayar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gishiri, ita ce kuma ke ba ƙoda ikon kaurara fitsari. Ta uku tana daidaita ragowar gishiri da maganeziyom. Ta ƙarshe ita ke fitar da tsamin jini, ta tsai da yawan potasiyom da za a zubar, ta kuma riƙe ruwa idan jiki na jin ƙishi.

Gwajin kireyatinin da na ure, waɗanda ake rubutawa idan an ce a duba ƙoda, aikin matata kawai suke aunawa. Yaron da bututunsa ke yoyo zai iya shekara da shekaru kireyatinin ɗinsa na nan daidai. Ba ya kumbura, fitsarinsa bai ragu ba, hasali ma sau da yawa ya fi na kowa yawa. Duk abin da mutane suka sani a matsayin alamar ciwon ƙoda babu shi, shi ya sa ba wanda ke waiwayar ƙodar.

## Ina ruwan ƙashi da ƙoda?

Ƙashi da kalsiyom da fosfat ake gina shi. Kashi 99 cikin ɗari na kalsiyom ɗin jiki, da kusan 85 na fosfat, a ƙashi suke. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai wani faifan guringuntsi inda tsawo ke fitowa. Guringuntsin yakan girma, sannan fosfat da kalsiyom su zo su daskarar da shi ya zama ƙashi. Idan fosfat ya yi ƙaranci, guringuntsin ya ci gaba da taruwa ba ya tauri. Abin da ake gani da ido ke nan: wuyan hannu da idon sawu sun yi kauri, haƙarƙari ya yi ƙulle-ƙulle a jere ta gaban ƙirji, maɗiga ta wuce wata 18 ba ta rufe ba, haƙora sun makara. Da yaro ya fara tafiya nauyin jiki ya hau ƙashi mai laushi, ƙafafu su buɗe waje ko gwiwoyi su riƙa gogar juna.

Bututun ƙoda yana kai yaro ga wannan hali ta hanya uku. Ko ya zubar da fosfat kai tsaye. Ko ya kasa sarrafa bitamin D, hanji ya daina tsotsar kalsiyom yadda ya kamata. Ko kuma ya bar tsami ya taru a jini. Ta ukun ta fi ɓarna a ɓoye. Jini yana so ya zauna tsakanin 7.35 da 7.45 a ma'aunin tsami, inda saukar adadi ke nufin ƙaruwar tsami, kuma idan ƙoda ta gaza, jiki yakan narkar da ƙashi a hankali don ya kashe tsamin. Kalsiyom ɗin da ya fito daga ƙashi ya bi fitsari, wani ya daskare a cikin naman ƙodar, wani ya zama tsakuwa. Tsamin kuma yana kashe sha'awar abinci, yana dakushe aikin sinadarin da ke sa girma. Yaro mai tasowa yana samar da tsami fiye da babba idan aka auna da nauyinsa, domin gina ƙashi kansa tsami yake fitarwa, don haka ciwon ya fi cin yara.

## Idan gaɓar ƙarshe ta kasa fitar da tsami

Wannan shi ne wanda ya fi dacewa kowane ma'aikacin lafiya ya riƙe a ransa, saboda maganinsa yana da araha kuma yana aiki sosai. Yakan bayyana tun cikin shekarar farko: jariri yana amai, ba ya ƙara nauyi, yana yawan fitsari, bayan gida na yi masa wuya, wani lokaci numfashinsa ya yi zurfi da sauri har a ɗauka ciwon huhu ne. A jini bikarbonat ya faɗi, sau da yawa ƙasa da 18, potasiyom ma ya faɗi. Alamar da ke tona shi tana cikin fitsari: jini ya yi tsami, amma fitsarin ya ƙi sauka ƙasa da 5.5. Lafiyayyar ƙoda da tuni ta tura tsamin waje.

Ƙarancin potasiyom ɗin yakan yi tsanani har yaro ya wayi gari wuyansa ya saki, ƙafafu sun ƙi ɗaukarsa, gida ya ruɗe a ce shan-inna ce ko iska. Wasu nau'o'in na gado suna zuwa da kurumta, domin famfon da ke fitar da tsami a ƙoda irinsa ne ke aiki a cikin kunne. Yaron da ba ya girma kuma ba ya ji sosai, a duba bikarbonat ɗinsa.

## Idan gaɓar farko ce ke yoyo

Idan gaɓar farko ta lalace gaba ɗaya, komai tare yake zuba: fosfat, bikarbonat, potasiyom, sukari, sinadaran gina jiki da ruwa. Ana kiran wannan ciwon Fanconi, da sunan likitan yara ɗan ƙasar Suwizalan da ya bayyana shi a shekarun 1930. Laushin ƙashinsa ya fi na kowanne tsanani, tunda hanyoyin nan uku duk sun haɗu a kan yaro ɗaya. Alamarsa mafi sauƙin kamawa ita ce sukari a fitsari alhali sukarin jini daidai yake. Kuskure ne a ga wannan a ce yaro na da ciwon sukari ba tare da an auna jini ba.

Daga cikin na gado, wanda ya fi yawa shi ne sistinosis, inda wani sinadari ke taruwa cikin ƙwayoyin jiki. Yakan fara tsakanin wata 6 da 12, daga baya yaro ya riƙa runtse ido yana gudun haske saboda ƙananan lu'ulu'u da suka taru a baƙin idonsa, waɗanda likitan ido ke gani da fitilarsa. Idan ba a ba shi maganin sisteyamin ba, matatar ma takan mutu wajen shekara 10.

Akwai kuma wani ciwon da fosfat kaɗai ke zuba. Yana samun kimanin yaro ɗaya cikin 20,000, kuma asalinsa ƙashi ne ke fitar da wani sinadari mai suna FGF23 fiye da kima, shi kuma ya umarci bututu ya saki fosfat. Wannan yaron ba ya amai, ba ya yawan fitsari, yana cin abinci, yana wasa. Gajere ne kawai, ƙafafunsa suna ƙara buɗewa tun da ya fara tafiya, yana tafiya yana rangaji. Haƙorinsa yakan yi ƙurji ba tare da tsutsa ta ci shi ba. Kalsiyom da bitamin D na jininsa daidai suke. Gadonsa yana da tsari mai sauƙin ganewa: uba mai ciwon yana ba dukkan ƴaƴansa mata, ba ya ba namiji ko ɗaya, uwa mai ciwon kuma rabin ƴaƴanta, maza da mata, za su iya ɗauka. Saboda haka maganar kaka cewa abin na gida ne gaskiya ce. Inda ta kauce shi ne cewa ba a yi masa magani.

## Masu zubar da gishiri da ruwa

Ciwon Bartter, wanda aka bayyana a 1962, a gaɓa mai lanƙwasa yake. Labarinsa yakan fara tun cikin ciki: ruwan ciki ya yi yawa ƙwarai saboda ɗan tayin yana ta fitsari, sannan a haife shi bakwaini. Yaron yana sha yana fitsari, yana son gishiri har ya riƙa lasa, potasiyom ya faɗi, amma a nan bikarbonat hawa yake yi maimakon faɗuwa, hawan jini kuma babu. Ciwon Gitelman, na 1966, ya fi sauƙi kuma ya fi makara. Sai yaro ya shiga makaranta ko ya balaga ake ganin gajiya, ɗaurewar tsoka da ƙagewar yatsu, musamman bayan masassara ko zawo, saboda maganeziyom da potasiyom sun yi ƙasa. Ba kasafai yake taɓa ƙashi ba.

Na ƙarshe shi ne inda bututu ba ya jin umarnin riƙe ruwa. Kusan tara cikin goma maza ne. Jariri yana ƙin nono yana rarumar ruwa, yana masassarar da gwajin cizon sauro bai nuna komai ba, fitsarinsa fari tas. A garin da bazara ke wuce digiri 40 kuma ruwa kan yi wuya, irin wannan jaririn zai iya bushewa cikin yini ɗaya, sodiyom ɗin jininsa ya hau har ya taɓa ƙwaƙwalwa.

## Ba duka ne na gado ba

Yawancin na gado sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar, su kansu lafiyarsu ƙalau. A kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya zo da ciwon. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ƙwaya iri ɗaya, kuma ya kamata a faɗi wannan a fili domin sau da yawa uwa kaɗai ake ɗora wa laifi, a ce nononta ne ba shi da kyau.

Wasu kuma daga baya suke samuwa. Dalma tana lalata gaɓar farko. Gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ta nuna illarta, amma akwai hanyoyin da suka fi kusa da gida: kwallin dutse da ake sa wa jarirai, da wasa kusa da inda ake fasa tsofaffin batiran mota. Cikin magunguna akwai tetirasikilin da wa'adinsa ya wuce, wanda dalili ne babba na guje wa kafson da ake talla cikin rana, da allurar jentamisin idan an daɗe ana yi, da balfurowat na farfaɗiya, da wasu magungunan daji, da tenofobir da matasa masu ɗauke da ƙwayar sida ke sha. Waɗannan na ƙarshe ba a daina su da ka. Fitsari ake dubawa lokaci-lokaci, likita ya canza idan ya ga dalili.

Amosanin jini, wato sikila, yana rage wa ƙoda ikon kaurara fitsari tun yaro na ƙarami. Shi ya sa fitsarin kwance ya yi yawa a cikinsu, kuma hana su ruwa da yamma don gudun jiƙa tabarma yana iya tayar musu da ciwo. A jarirai maza kuma, toshewar mafitsara tana matse bututu ta baya. Idan fitsarin jariri ɗiga yake yi maimakon ya tsarto, yana yunƙuri kafin ya fita, a yi masa eko, wato hoton ciki. A wannan nau'in potasiyom hawa yake yi, don haka ba kowane mai ciwon bututu ake ƙara wa potasiyom ba.

## Yaushe ya kamata a yi zargi?

Ɗan buɗewar ƙafa kafin shekara 2 ba ciwo ba ne, haka ma ɗan gwame tsakanin shekara 3 da 4, wanda kan gyaru wajen shekara 7. Abin dubawa shi ne lanƙwasar da ke ƙaruwa bayan shekara 2, ko ta zo da gajarta da kaurin wuyan hannu.

Ko a nan ma, abinci ne ya fi zama sanadi. Yaron da aka yaye a kan kunu da tuwon hatsi ba nono ba madara yana samun kalsiyom kaɗan, dusar hatsin kuma tana riƙe wanda ya samu. Binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna yaran da ke da laushin ƙashi a can sun fi warkewa da kalsiyom a kan bitamin D shi kaɗai, abin da ya dace da ƙasashe masu rana irin namu. Ruwan sha ma yana iya zama dalili: a Tibiri ta jahar Maraɗi, ruwan rijiyar burtsatse mai yawan fuloraid ya lanƙwasa ƙasusuwan yara da dama. Idan yara da yawa a unguwa ɗaya suka lanƙwashe, haƙoransu sun yi tsatsa, ruwan za a fara tuhuma.

Laushin ƙashi na abinci yana jin magani. Da kalsiyom miligiram 500 a yini da bitamin D yadda likita ya tsara, cikin wata 3 hoton wuyan hannu yakan nuna ƙashi ya fara cikewa. Idan an sha da gaske wata 3 babu canji, ƙara wani kwalin bitamin D ɓata kuɗi ne, yana ma iya jawo daskarewar kalsiyom a ƙoda.

Akwai kuma waɗanda ba a jiran wata 3 a kansu: yaron da ke tashi sau biyu ko uku cikin dare ya nufi randa, zanen goyonsa kullum a jiƙe, wanda ake yawan kwantarwa don bushewar jiki alhali ba ya zawo, kuma yana cikin bushewar yana ta fitsari, wanda ya shiga shirin tamowa ya fita ya koma, wanda wansa ko yarsa suka rasu da irin alamun. Yawan fitsari ana iya aunawa a gida idan yaro ya iya yi a po. A zubar da na farkon safiya, a tara duk wanda ya biyo baya a jarka mai tsabta har zuwa na safiyar gobe, a haɗa da shi. Abin da ya wuce mililita 4 a kowane kilo a awa ya yi yawa. Ga yaro mai kilo 10, wannan kusan lita ɗaya ne a yini. Tsawo ma a riƙa auna shi a jikin bango duk wata 6, domin igiyar awon dantse ba ta ganin gajarta. Daga shekara 4 zuwa balaga yaro yakan ƙara santimita 5 zuwa 6 a shekara, wanda bai kai 4 ba yana buƙatar bincike.

## Gwaje-gwajen, da wuraren da suke yaudara

Ba sai an fara da masu tsada ba. Takardar tsomawa a fitsari tana nuna sukari, furotin, tsami da kaurin fitsari cikin minti biyu. Daga nan sai iyonogiram na jini mai ɗauke da sodiyom, potasiyom, kulor da bikarbonat, sannan kalsiyom, fosfat, fosfatas alkalin da kireyatinin, da hoton wuyan hannu ko gwiwa, da ekon ƙoda don ganin ko kalsiyom ya daskare. Bikarbonat da fosfat sai an rubuta su da sunansu, in ba haka ba sau da yawa ba a yi. Wanda ke Mirya, Magarya ko Tanut, CSI ɗinsa, wato ƙaramar cibiyar lafiya ta kusa da shi, za ta iya yin na fitsari ta ba shi takardar zuwa babban asibitin Damagaram don sauran.

Tarkon farko shi ne fosfat. Na babba yana tsakanin miligiram 25 da 45 a lita, na ƙaramin yaro kuwa wajen 40 zuwa 70 ne. Takardar sakamako takan ɗauki ma'aunin manya, sai yaro mai shekara 2 ya fito da 30, a duba a ce daidai ne, alhali ya faɗi ƙwarai. Na biyu potasiyom ne: idan an sha wuyar ɗibar jinin, an matse hannu ko ƙwayoyin jini sun fashe, sakamakon yakan hau ya rufe ƙarancin da ke akwai. Na uku bikarbonat: kwalbar da ba a cika ba, ko ta daɗe a ajiye cikin zafi, takan ba da adadi ƙasa da gaskiya. Tsamin fitsari kuma sai a sabon fitsari, kuma ciwon sanyin mafitsara yana iya ɗaga adadin a ma'auni, wato ya rage tsamin.

Babban mai ruɗarwa shi ne zawo. Shi ma yana zubar da bikarbonat da potasiyom, ya ba da sakamako iri ɗaya da na ciwon bututu. Ba a yanke hukunci a kan jinin da aka ɗiba yaro na zawo. A bari ya warke, a sake bayan mako biyu ko uku.

## A gwada duk yaron da ba ya girma?

Masu kula da tamowa suna da hujja idan suka ce a'a. A jahar da gajartar yara ta yi yawa saboda abinci da yawan cututtuka, waɗannan ciwuka kaɗan ne ƙwarai, kuma tura kowa gwajin jini zai cinye kuɗin iyaye da lokacin ma'aikata. Likitocin ƙoda su ma suna da tasu: kowace shekarar jinkiri tsawo ne da ba zai dawo duka ba, kuma kalsiyom ɗin da ya daskare a ƙoda ba ya narkewa. Abin da ya fi dacewa da halinmu shi ne a yi maganin abin da ya fi yawa, amma a sa masa wa'adi a rubuce cikin katin yaro, kuma duk wanda bai amsa ba, ko ya zo da yawan sha da fitsari, a tsoma takarda a fitsarinsa ranar.

## Maganin: a mayar da abin da ke zuba, kullum

Na gado ba sa warkewa. Randa ce mai yoyo, abin da ake yi shi ne a riƙa zuba mata kaɗan-kaɗan sau da yawa, domin abin da aka ba da safe kafin azahar ya bi fitsari. Shi ya sa ake raba maganin sau uku zuwa shida a yini, kuma shi ya sa ake sake lissafi duk lokacin da nauyin yaro ya ƙaru.

Ga mai matsalar gaɓar ƙarshe, likitoci sukan ba da milimol 2 zuwa 4 na maganin kashe tsami a kowane kilo a yini, jarirai ma fiye. Giram ɗaya na bikarbonat ɗin sodiyom milimol 12 ne. Yaro mai kilo 10 a kan milimol 3 zai sha milimol 30, wato giram biyu da rabi, a raba uku ko huɗu. Sitirat ɗin potasiyom ya fi, inda ake samunsa, don yana gyara potasiyom kuma yana hana tsakuwa. Ana so bikarbonat ɗin jini ya zauna 22 ko sama. Idan an fara da wuri, cikin makonni ci yakan dawo, cikin watanni tsawo ya motsa. Mai matsalar gaɓar farko kuwa yakan buƙaci milimol 10 zuwa 15 a kilo, wato fiye da giram 8 ga yaron nan mai kilo 10, kuma yawan bikarbonat ɗin yana ƙara jan potasiyom waje, dole a haɗa da shi.

Fosfat ana ba da miligiram 20 zuwa 60 a kilo a yini, sau huɗu zuwa shida, ba tare da madara ko nono ba domin kalsiyom ɗinsu yana riƙe shi a hanji. Ba a ba da shi shi kaɗai. Sai da bitamin D mai aiki, kalsitiriyol ko alfakalsidol, wanda ya bambanta da ɗigon da aka saba ba jarirai, in ba haka ba wasu ƙananan ƙulluka na wuya su tashi su ƙara cin ƙashi. Tun 2018 akwai allurar burosumab da ke toshe FGF23, ana yi duk mako biyu, amma tsadarta ta sa ba ita ce abin dogaro a nan ba.

Wani zai ce ai kanwa ma tana kashe tsami, kuma ga ta a kasuwa. Gaskiya akwai bikarbonat a cikinta, amma haɗe da karbonat mai ƙarfi da gishiri da ƙasa, kuma ƙarfin wannan dunƙule ba ɗaya yake da na wancan ba. Ba a iya lissafa ta a kan kilo, yawan sodiyom ɗinta kuma yana ƙara tura kalsiyom cikin fitsari. Potasiyom kuma ba abin saye a sha da ka ba ne: ƙarancinsa da yawansa duka suna tsayar da zuciya.

## Ranar zawo, ranar amai, da watannin bazara

Yaron da ya zauna daram a kan magani zai iya rikicewa cikin sa'o'i idan zawo ko amai suka kama shi, domin ƙodarsa ba ta iya rufe famfo kamar ta sauran yara. Ba a jira a ga gobe. Yawan fitsarinsa kuma ba shaida ba ce cewa ruwan jikinsa ya isa. Iyaye su riƙe takarda mai sunan ciwon da magungunan, su miƙa ta tun a ƙofa, saboda ƙarin ruwan da ya dace da wani yana cutar da wani. Mai zubar da ruwa zalla, idan aka ɗaura masa ruwan gishiri da yawa, sodiyom ɗinsa ƙara hawa zai yi. Mai tsamin jini da ƙarancin potasiyom, idan aka fara da bikarbonat kafin a gyara potasiyom, zai ƙara faɗuwa har numfashi ya gagara. Mai ciwon Bartter da ke shan indometasin ko ibufurofen bisa umarnin likita yakan dakata da su ranar bushewa, don a lokacin suna iya lalata matatar.

Daga Maris zuwa Mayu a ƙara ruwa, a sanar da malamin makaranta ko na allo cewa wannan yaron ba a hana shi sha ko fita fitsari. Wanda ya kai shekarun azumi a tambayi likitansa tukuna, galibinsu ba za su iya yini ba ruwa ba magani ba.

Ƙafar da ta lanƙwashe takan miƙe da kanta sosai idan an gyara jini yaro na ƙarami. Ɗauri da karan mai ɗori ba sa taurara ƙashi mai laushi. Tiyata tana da wurinta ga wanda lanƙwasar ta rage bayan an yi aƙalla shekara ana magani, amma idan aka yi ta fosfat da bikarbonat ba su daidaita ba, ƙashin ba ya haɗewa da kyau kuma lanƙwasar takan dawo. Idan an tabbatar da nau'in gado a yaro ɗaya, ƙannensa da duk jaririn da za a haifa a ɗakin a gwada su cikin watannin farko, tun kafin su fara tafiya.